Ƙanzo a Gindin Tukunya: Matsayin Kayan da Aka Bari a Kulle Cikin Wasannin Bidiyo

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a tattauna wata matsala da ke fuskantar mai nazarin wasannin bidiyo, wato matsayin kayayyakin da masu tsara wasa suka ƙirƙira, suka kuma bar su a cikin kaset ko faifan da aka sayar, alhali kuwa babu wata hanya da mai wasa zai bi ya kai gare su. Irin waɗannan kaya sun haɗa da makamai da mabuɗai da ɗakuna da muryoyin 'yan wasa. Tambayar da za a yi ƙoƙarin amsawa ita ce: shin waɗannan abubuwa suna cikin matanin wasan, har mai sharhi ya kafa hujja da su wajen fayyace manufarsa, ko kuwa ƙanzo ne kawai da ya saura a gindin tukunya? Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, shaida ce mai ƙarfi game da yadda aka gina wasa, amma shaida ce mai rauni game da abin da wasan yake nufi.

2.0 Dalilin Barin Su

Kafin a yi nisa, ya kamata a san abin da ke hana a goge su. Kowane wasa yana ɗauke da jerin kayansa, kowane kaya da lambarsa, kuma sauran umarnin wasan da wannan lamba suke kiran sa. Idan aka cire kaya na goma daga jerin, na sha ɗaya zai koma gurbinsa, duk umarnin da ke kiran lambobin da ke biye kuma sai ya ɗauko abin da ba shi ake nufi ba. Saboda haka idan ranar miƙa aiki ta matso, ya fi wa mai tsarawa sauƙi ya toshe hanyar zuwa ga kayan ya bar shi a inda yake. Bugu da ƙari, a zamanin kaset ba a iya aika gyara bayan an kai kaya kasuwa, don haka duk kuskuren da gogewa ta haifar ya zauna ke nan.

3.0 Kashe-kashensu

Kuskuren da aka fi yi shi ne a haɗa su duka a kira su abin da aka yanke. A ganina sun kasu gida uku.

3.1 Kayan aikin magina. A cikin The Legend of Zelda: Ocarina of Time na kamfanin Nintendo, wanda ya fito a 1998, an tarar da jirgin yaƙi mai suna Arwing, wanda asalinsa na wani wasa ne daban, wato Star Fox 64. Jirgin yana tashi, yana kuma harbin mai wasa idan aka kira shi da na'urar kutse. Ba a taɓa nufin ya shiga labarin ba. Da shi aka gwada motsin abin da ke shawagi a sama, irin na dodon nan Volvagia. Matsayinsa ke nan kamar tsanin da magini ya mance a bayan ɗaki.

3.2 Gurbin da ba kowa. A cikin Pokémon na farko, wanda ya fito a Japan a 1996 a kan na'urar Game Boy, jerin halittu ya kai lamba 190, amma 151 ne kaɗai ke da mai su. Sauran 39 ɗin, idan wani kuskure ya sa wasan ya kira ɗaya daga cikinsu, sai wata siffa mai hargitsi ta bayyana da sunan MissingNo., wanda ma'anarsa ita ce babu lamba. Yara da yawa sun ɗauke ta a matsayin halitta ta asiri, alhali kuwa na'ura ce take karanta bayanan da ba na hoto ba kamar hoto.

3.3 Niyyar da aka fasa. Wannan kashi shi ne mafi muhimmanci ga mai sharhi. A cikin Banjo-Kazooie na kamfanin Rare da ke Ingila, na 1998, akwai wani mabuɗin ƙanƙara da mai wasa ke hange a bayan bangon ƙanƙara cikin wani kogo, da kuma ƙwai shida masu launi daban-daban. A ƙarshen wasan ma ana nuna wa wanda ya kammala komai hotunan wasu daga cikinsu don a kwaɗaita masa. Dabarar da aka shirya, mai suna Stop 'N' Swop, ita ce a kashe na'urar Nintendo 64, a zare kaset a sa na wasan da zai biyo baya cikin 'yan daƙiƙoƙin da ƙwaƙwalwar na'urar ke riƙe da bayani bayan an ɗauke wuta. Sai sababbin ƙirar na'urar suka rage wannan ɗan lokaci, dabarar ta rushe. A 2001 wasu masu bincike suka tono kalmomin sirrin da ke buɗe kayan, amma ko an ɗauke su ba su da wani amfani. Sai a 2008, da aka sake fitar da wasan a kan Xbox 360, aka ba su aiki.

Akwai kuma wanda ya ƙi shiga kashi ukun nan, wato halittar Mew a cikin Pokémon. Shigeki Morimoto ne ya cusa ta a gurbin bayit kusan 300 da ya samu bayan an cire kayan gwaji, ba tare da an yi hanyar kama ta ba. Da labarinta ya bazu, sai aka sa gasa a mujallar CoroCoro a 1996 don mutum 20, aka kuwa sami masu nema kimanin 78,000. Wannan ya nuna cewa abin da ke kulle yau yana iya shiga matani gobe, idan masu wasan suka ga dama.

4.0 Hukuncin Mai Sharhi

Malaman da suka saba da tsofaffin rubuce-rubucen hannu na ajami da na Larabci ba baƙi ba ne ga wannan matsala. Sukan tarar da kalmar da marubuci ya soke, ko baitin da aka rubuta a gefen shafi, kuma sun san cewa sokewar ita ma hukunci ce ta mai littafi. Mai tahƙiƙi yakan ambaci kalmar da aka soke a ƙasan shafi, ba ya mayar da ita cikin layi ya ce ga abin da malam ya faɗa. Wannan ladabi ne ya kamata a ɗauko a nan.

To, amma akwai hujjar da masu saɓanin wannan ra'ayi ke kafawa, kuma ba ta da rauni. Suna cewa sau da yawa ba mai fasaha ne ya soke ba, ƙurewar lokaci ce. Babban misalinsu shi ne Star Wars: Knights of the Old Republic II na kamfanin Obsidian, wanda aka gaggauta fitar da shi a watan Disamba na 2004, don ya riski kasuwar ƙarshen shekara. Ƙarshen labarinsa ya zo a guntule, a cikin faifan kuwa aka tarar da muryoyin da aka riga aka ɗauka da wuraren da ba a ƙarasa ba. Daga 2009 masoya wasan suka fara fitar da gyaran da ke mayar da waɗannan sassa, kuma gaskiya ne labarin ya fi haɗuwa da su. Duk da haka sai a lura da abu biyu. Na farko, faifai ba ya faɗin dalilin yankewa. A cikin tarkacen nan akwai wanda lokaci ya ci, akwai kuma wanda marubutan suka ƙi da gangan, duka kuwa kamanninsu ɗaya. Na biyu, masu gyara sai da suka zaɓi inda kowane yanki zai zauna, a wajen duniyar M4-78 ma, wadda ɗan abin da ya saura daga gare ta bai taka kara ya karya ba, sai da suka rubuta sababbin maganganu. Ashe ke nan abin da suka samar bugu ne na masu tahƙiƙi, mai daraja a matsayinsa, kuma da wannan suna ya kamata a kira shi.

Ta fuskar alhaki kuwa hukuncin ya sha bamban. A 2005 aka gano wani sashe na batsa da aka toshe a cikin Grand Theft Auto: San Andreas na 2004. Da farko kamfanin Rockstar ya ɗora laifin a kan masu kutse, amma da aka tarar da sashen a faifan PlayStation 2 ma, sai ta tabbata daga gida yake. A watan Yuli na wannan shekara hukumar ESRB ta Amurka ta mayar da wasan ajin manya zalla, manyan kantuna suka janye shi, aka kuma wajabta wa kamfanoni su riƙa bayyana abin da ke cikin faifai ko da a kulle yake. Wannan hukunci daidai ne, domin abin da mutum ya sayar yana wuyansa. Sai dai bai mayar da sashen ya zama ɓangaren labarin ba.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, ana ba mai nazari shawara ya yi tambayoyi uku kafin ya kafa hujja da irin waɗannan kaya. Shin kayan yana cikin abin da aka sayar, ko a takardun kamfani aka same shi, kamar siffar Luigi ta Super Mario 64 na 1996, wadda sai a 2020 ta bayyana cikin bayanan Nintendo da aka kwarmata? Wane kashi ya faɗa cikin ukun da aka zana? Akwai kuma maganar masu wasan da ke bayyana dalilin barin sa? In an rasa amsar ta uku, iyakar abin da mai sharhi zai ce shi ne an taɓa yin niyya. Ƙanzo yana gaya wa mutum irin tuwon da aka tuƙa da kuma ƙarfin wutar da aka hura, don haka bai kamata a zubar da shi ba. Amma idan za a yi wa mai girki hukunci, sai a duba abin da ta kwashe a akushi.