Rawar da ba ta shiga allon waya

Idan Bahaushe ya ce "rawar Indiya", kowa ya san abin da yake nufi: jarumi da jaruma a kan tsauni ko cikin lambu, bayansu ayarin 'yan rawa sun yi anko, kowane baiti da sabuwar sutura. Ita muka gada daga gidajen silima na Kano da Zariya da Jos, ta bi mu zamanin kaset, ta shiga finafinanmu na Hausa, ga ta har yau a fassarar Indiya-Hausa. Amma rawar fim jika ce. Kakanninta suna nan da ransu, kuma a 'yan shekarun nan sun fara leƙo mu ta waya, daƙiƙa talatin-talatin: budurwa da akayau a ƙafa tana juyi kamar katantanwa, ko wata ta yi rabin tsugunno tana dukan ƙasa da tafin ƙafa, idonta na bin hannunta. Mu danna alamar so, mu wuce. Abin da wayar ke miƙo mana ɗan yanki ne na rawar, kuma mafi sauƙin yankin.

Hukumar kula da kiɗa da rawa ta Indiya, Sangeet Natak Akademi, ta amince da raye-raye takwas a matsayin na gargajiya masu ƙa'ida. Ta ƙarshe da ta shigar ita ce Sattiriya ta jihar Assam, a 2000. Biyu ne suka fi yawo a duniya. Akwai Katak ta arewa, mai juyi da saurin ƙafa, wadda ta yi ƙarfi a fadojin Lakno da Jaifur. Akwai kuma Baratanatiyam ta ƙasar Tamil a kudu, a kanta za mu fi tsayawa.

Baratanatiyam fuska biyu gare ta. Ta farko lissafi ce zalla, suna ce mata niritta: ƙafa da hannu da wuya suna bin kiɗa, babu labari. Ta biyu ita ce abinaya, wato yin magana da fuska da ido da yatsu. Mawaƙi ya rera layi ɗaya, ya maimaita, ya sake maimaitawa, mai rawa kuwa kowane zagaye ta ba layin wata ma'ana. Yanzu matar tana jiran masoyinta da ɗoki, an jima ta fara zargin ya biya wani gida, an jima ta tuna haɗuwarsu ta farko, an jima ta huce a kan ƙawar da ta aika ba ta dawo ba. Layi ɗaya kan ci mintuna da yawa. Tsarin zaman gaba ɗaya, wanda ake kira margam, ana danganta shi ga wasu 'yan'uwa huɗu, makaɗan fadar Tanjabur a farkon ƙarni na 19. Ana farawa da gajeriyar buɗewa, a hau a hankali zuwa warnam, babbar gaɓar da kan wuce rabin awa ita kaɗai, a sauko kan waƙoƙin bege masu sanyi, a rufe da tillana mai zafi. Cikakken zama kan kai awa biyu.

Mu da muke cin abinci da rubuta manhaja mun san abin da ke bayan allon. Manhajar ba ta san rawa ba. Abin da take ƙirgawa shi ne daƙiƙa nawa ka tsaya, ko ka kai ƙarshe, ko ka maimaita, ko ka tura wa wani. Bidiyon da bai kama ido tun farko ba sai a ture shi, wanda aka ture kuwa ba a ƙara nuna shi ga mutane da yawa. Juyi ashirin a jere yana cin wannan jarrabawa. Mace tsaye wuri guda, girarta kaɗai ke motsi, tana buƙatar minti uku kafin baƙin cikin ya iso fuskarta, faɗuwa take yi. Masu rawa suna ganin alƙaluman kamar yadda muke gani, kuma abin da ya karɓu shi za su ƙara. Indiya ta hana TikTok a watan Yunin 2020, amma Reels na Instagram da Shorts na YouTube suka maye gurbin, ma'aunin bai canza ba.

Akwai wata asarar da ba a cika lura da ita ba. A dandamali, makaɗa suna zaune a jere a gefen mai rawa: jagoran kiɗan, nattuwanar, yana buga wasu 'yan ƙarafa biyu yana furta lissafin da baki, sai mawaƙi, sai mai gangar miridangam, sai mai sarewa ko goge. Rawar hira ce tsakaninta da su. Idan ta ga ma'anar ba ta ƙare ba, mawaƙi zai gani a fuskarta ya sake ɗauko layin. Allon waya a tsaye yake, mutum ɗaya yake ci. Makaɗan su ne na farko da suke faɗawa wajen hoto, kuma sau da yawa ma babu su, an kunna kiɗan da aka naɗa ne, don ya fi araha. Kiɗan da aka naɗa ba ya jiran kowa. Duk inda ya kai, dole ta bi.

Wanda yake son ganin abin da ake rasawa ya nemi ɗan gajeren fim ɗin da Satyajit Ray ya yi a 1976 mai suna Bala, a kan T. Balasaraswati. A lokacin ta kusa sittin, jikinta ba irin na 'yan rawar talla ba ne, kuma Ray ya kai ta bakin teku, iska na wasa da zaninta, zaɓin da muke ganin bai taimaki rawar ba. Duk da haka, da ta fara waƙar da ake kiran yaro Kirishna ya zo, sai ka ga uwa tana lallashin ɗa, tana ɗaga shi, tana razana da abin da ta gani a bakinsa, alhali babu komai a gabanta sai yashi. Yanki daƙiƙa goma sha biyar daga nan ka ɗora, babu mai tsayawa.

Sai dai kada mu ɗora wa waya laifin da ya girme ta. Rawar da ake kuka ana cewa an gurɓata, an taɓa yanke ta tun kafin a haifi iyayenmu. Har farkon ƙarni na 20 sunanta sadir, kuma gadon wasu iyalai ce: matan da ake kira dewadasi, waɗanda ake keɓewa ga gidan bauta tun suna yara, ba sa aure irin na kowa, suna rawa a gidan bauta da fada da gidajen masu hali, mazan gidan kuma su ne makaɗa da malamai. Tun wajen 1892 aka ta da kamfen a Madaras cewa wannan karuwanci ne da rigar addini. Likita Muthulakshmi Reddy, wadda mahaifiyarta daga irin wannan gida ta fito, ta ja ragamar neman doka, kuma a 1947 aka haramta keɓe 'yan mata a lardin. Hujjarta ba ta banza ba ce, yarinya ƙarama ba ta da zaɓi a abin da aka yi da ita. Amma dokar da kunyar da ta zo da ita sun raba iyalai masu yawa da sana'arsu, a daidai lokacin da wasu ke ɗaukar sana'ar.

Rukmini Devi Arundale, 'yar gidan Barahmin, ta koya a hannun malaman gado, ta fito gaban jama'a a 1935, ta kafa makarantar Kalakshetra a 1936. Ta gyara sutura, ta tsara dandamali, ta rage waƙoƙin soyayyar da take ganin sun yi tsirara da yawa, ta karkata abin zuwa ibada. Sunan Baratanatiyam ya danne sadir, aka jingina rawar ga tsohon littafin Sanskirit, Natiya Shastra, kamar dai matan da suka riƙe ta ɗaruruwan shekaru 'yan ajiya ne kawai. Balasaraswati, wadda 'yar gado ce kuma ta fara fitowa tana da shekara bakwai, ba ta yarda da wannan wankin ba har ta rasu a 1984. A wurinta begen da ke cikin waƙoƙin ba datti ba ne da za a goge. Ba ma musun cewa ba don Rukmini Devi ba da wuya rawar ta kai inda ta kai. Amma lissafin a fili yake: an karɓi rawar, an bar masu ita a waje. Mu ma mun san irin wannan, mun san yadda ake cika makaɗi da kyauta ranar biki, a hana shi 'ya ranar da ya zo neman aure.

Katak ma ta bi hanya mai kama da wannan. Matan tawa'if na Lakno da Dilli, waɗanda suka riƙe rawa da waƙa a zaurukansu, aka ture su, sai silima ta dawo mana da su a matsayin abin tausayi: Meena Kumari a Pakeezah na 1972, Rekha a Umrao Jaan na 1981. Manyan malamai sun yi wa fim aiki. Birju Maharaj, wanda ya rasu a 2022, shi ya tsara wa Madhuri Dixit ɗaya daga rawarta a Devdas na 2002. A Pakistan kuwa matsalar ta fi haka kai tsaye: a zamanin Ziya'ul Haƙ an dakatar da shirin Nahid Siddiqui na talabijin, ta koma Ingila da koyarwa.

To ina rawar zamani ta tsaya? Mafi yawan abin da ake sayarwa da wannan suna haɗin gambiza ne: a ɗauko alamun yatsu na Baratanatiyam, a ɗora a kan kiɗan disko, a ƙara hayaƙi da fitilu. Ba haramun ba ne, amma ba ya tambayar komai. Waɗanda suka cancanci sunan sun san abin da suke zubarwa da dalilin zubar da shi. Chandralekha, wadda ta rayu daga 1928 zuwa 2006, ta koyi Baratanatiyam ta yi suna, ta bar dandamali shekaru, ta dawo da Angika a 1985. Ta cire gwala-gwalai da murmushin dole da labaran alloli, ta haɗa rawar da yoga da kalarifayattu, fasahar faɗa ta Kerala. Aikinta na ƙarshe, Sharira na 2001, mace ɗaya ce da namiji ɗaya suna motsi a hankali har ka ƙagu, sannan ka daina ƙaguwa ka fara gani. Akram Khan, haifaffen Landan a 1974, ɗan asalin Bangladash, Katak ya koya tun yana yaro. A DESH na 2011 ya zana fuska a tsakiyar sanƙonsa, ya sunkuyar da kai, nan take wani mutum dabam ya bayyana, uba mai dafa abinci. Wannan abinaya ce, ko da babu akayau a ƙafarsa. Abin lura shi ne, duka biyun sun ƙi gaggawa. Sun fi kusa da Balasaraswati fiye da masu cikakkiyar kwalliyar gargajiya da ke tsere da daƙiƙa talatin.

Ƙalubalen da ya rage na kuɗi ne, kuma shi ke yanke wa zai ci gaba. Koyo yana cin shekaru. Bikin fitowar farko, arangetiram, ya zama a wurin iyalai da yawa, musamman mazauna Amurka da Ingila, abin kashe kuɗi kamar aure: zaure, makaɗa, sutura, abinci, mai hoto, kuma yara da yawa daga ranar suke ajiye akayau. A Cennai, lokacin bukukuwan kiɗa da rawa na Disamba, an daɗe ana ƙorafin cewa matasa kan fita da asara, su biya makaɗa daga aljihunsu, wani lokaci har su biya kafin a ba su dandamali. Sana'ar da sai mai hali ke iya jure mata, a hannun masu hali za ta zauna.

A nan ne wayar ta yi abin kirki da ya kamata a faɗa. Ba ta tambayar ɗan gidan wa kake. Masu rawa 'yan gado irin su Nrithya Pillai suna amfani da ita suna faɗar tarihin iyalansu da bakinsu, suna ƙalubalantar labarin da makarantu suka saba bayarwa. Tsofaffin hotuna da guntayen finafinan matan da aka manta suna fitowa. Kuma akwai wani abin mamaki: abinaya ta girma ne a ƙananan zauruka, inda mai kallo ke zaune kusa yana ganin rawar leɓe. Babban zauren zamani ya nisanta fuskar, na kujerar baya ba ya ganin komai sai hannu. Kyamarar waya tana iya dawo da wannan kusancin fiye da kowane dandamali, idan aka kwantar da ita a kwance, aka bar mawaƙin a cikin hoto, aka ƙyale ta minti goma ba yanka. Akwai masu yin haka, kuma bidiyonsu yana nan. Sai dai a namu ɓangaren, cikakken warnam data ne mai yawa, kuma manhajar ba za ta kawo mana shi da kanta ba, sai mun rubuta sunan da hannunmu a wurin nema.