Hajjin Ƙafa: Hanyar da Alƙalaminmu Bai Bi Ba

Wata rana a makarantar sakandaren da muke koyarwa a Samaru, muna cikin nazarin Ruwan Bagaja da 'yan aji biyar, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, shi Alhaji Imam ƙafarsa ba ta ciwo ne?" Aji ya kwashe da dariya, mu ma muka dara. To, amma da muka koma gida muka nutsu, sai muka ga yarinyar nan ta taɓo wani babban giɓi a rubutaccen adabinmu.

Sanin kowa ne cewa ƙagaggun labaran Hausa na boko sun samo tushe daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga littattafai biyar a 1934. Uku daga cikinsu labaran tafiya ne, wato Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Abin tambaya shi ne, yaya waɗannan magabata suka ɗauki ita kanta hanya?

A Ruwan Bagaja hanya dandalin wasa ce. Alhaji Imam na fita wannan gari ya faɗa wancan kamar mai zaga rumfunan kasuwa, ya yi wa Malam Zurƙe tsiya, Zurƙe ya rama. Ba mu ce wannan aibi ne ba, domin gadon tatsuniya ne, kuma Imam gwani ne a kai. Sai dai nisa ba ya cin kowa a littafin.

Ganɗoki ne ya fi ba mu takaici, saboda shi ya zo bakin ƙofa ya juya. Bello Kagara ya biyo tarihi sawu da ƙafa har zuwa yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu. A zahiri, jama'ar da ta tsira ta ci gaba da nausawa gabas tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan, garin da ke nan har yau. A daidai wurin da wannan labari ya fara, nan marubucin ya karkatar da jaruminsa zuwa duniyar aljannu. Mai yiwuwa hakan ya fi sauƙi ga wanda hukumar Turawa ce za ta buga masa littafi. Ko ma mene ne dalili, mun sami aljannu, mun rasa mutane.

Shaihu Umar kaɗai ya nuna cewa hanya tana da farashi. Mahaifiyar Umar ta bi sawun ɗanta cikin hamada, aka bautar da ita, ta ƙare a galabaice. Wannan ita ce amsar da muka ba ɗalibarmu washegari. Amma hanyar arewa ce ta fatauci da bauta, ba ta gabas ba.

Ita hanyar gabas kuwa, babu tafiyar da Bahaushe ya yi da ta kai ta. Mutum ya sallami iyali, ko ya kwashe su gaba ɗaya, ya tashi daga Kano ya bi ta Maiduguri, da Fort Lamy wadda yau ake kira Injamena, da Abeche, da Alfashir, da Al'ubayyid, har Sawakin ko Port Sudan, sannan ya ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Fiye da kilomita 3,000 ke nan kafin a ga teku. Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi ƙodago. Bayan an buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, da yawa sun yi shekaru suna tsinkar auduga don tara kuɗin jirgin ruwa. An yi aure a hanya, an haihu, an binne. Wasu sun dawo da furfura, wasu kuma jikokinsu na Sudan har yanzu. Da jirgin sama ya fara ɗibar alhazai daga Kano a shekarun 1950, sai hanyar ta fara mutuwa sannu a hankali.

Mu dubi yadda Turawa suka yi da tasu hanyar. Tun ƙarni na 14 Chaucer ya gina littafinsa a kan hirar maziyarta masu zuwa Kantabari a Ingila. Hanyar Santiyago ta Sifen, wadda reshenta mafi shahara bai wuce kilomita 800 ba, tana da littafin jagora tun ƙarni na 12, kuma a 1993 UNESCO ta sanya ta cikin kayan tarihin duniya. Tafiyar wata guda da 'yan kwanaki ce, amma rubutu ya raya ta har ana tururuwar binta a yau. Tamu ta shekaru ce, amma wanda ke son labarinta sai ya nemi littafin J. S. Birks na 1978 ko na C. Bawa Yamba na 1995, dukkansu da Ingilishi, a ɗakin karatu na jami'a. Mun zaga teburan masu sayar da littattafai a kasuwar Sabon Gari, mun sami soyayya iri-iri da jagoran aikin hajji, amma ba mu sami labarin mahajjacin ƙafa ko ɗaya ba. Tafiyar Imam zuwa Ingila a 1943 ta haifi Tafiya Mabuɗin Ilmi. Tafiyar dubban talakawa fa?

Wani zai ce ai matafiyan ba 'yan boko ba ne. Wannan ba hujja ba ce. Baba ta Karo ba ta rubuta ko harafi ba, amma Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zazzau, ta rubuta rayuwarta, aka buga a 1954. Abin da aka rasa shi ne mai zama ya saurara.

Mu ma da laifinmu. Akwai wani dattijo mai sayar da turare a Sabon Gari, wanda aka goya shi aka bar gida, ya dawo yana saurayi. Shekara da shekaru muna cewa za mu je da takarda da biro. Bara muka je, aka ce an yi sadakar bakwai.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu da ta sa kowane reshe ya nemo sauran waɗannan tsofaffi, da 'ya'yansu, ya ɗauki maganarsu kamar yadda ta fito daga bakinsu. Su kuma matasan marubuta, ga jigo nan a gabansu: akwai rabuwa, akwai yunwa, akwai imani, har soyayyar da suke nema tana ciki. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a hanya, ya ba mu ikon rubuta labarinsu.