Joan Hassall da Hotunan Waƙoƙin Renon Yara na Ingila

A shekarar 1955 maɗaba'ar Jami'ar Oksfod ta buga The Oxford Nursery Rhyme Book, wanda Iona Opie da mijinta Peter suka tattara. A ciki akwai waƙoƙi 800 irin waɗanda iyaye mata da masu reno ke yi wa yara a Ingila, da hotuna wajen 600. Duk mai binciken adabin baka ya san sunan Opie. Amma Joan Hassall, wadda ta yi kimanin 150 daga cikin hotunan, da wuya a ji an ambace ta. Wannan mantuwa tana da dalili, dalilin kuwa yana cikin aikin kansa.

An haife ta a Landan a 1906, ta rasu a 1988. Mahaifinta, John Hassall, shahararren mai zanen hotunan talla ne, masu girma da launi, irin waɗanda akan hango daga nesa. Ita kuwa ta ɗauki sana'ar sassaƙa hoto a katako. Akan yanko itace mai tauri a gicciye, a goge fuskarsa sumul, sa'an nan a bi shi da ɗan ƙarfe mai tsini. Inda aka rarake shi ke fita fari a takarda, inda aka bari shi ke ɗaukar tawada. Abin da ƙarfe ya cire ya tafi ke nan. Gwanintarta ba a ɓoye take ba a zamaninta, don ita ta zana takardar gayyata ta bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 1953.

Yawancin hotunan littafin tsofaffi ne, an ɗebo su daga ƙananan littattafan yara na ƙarni na 18 da na 19, har da na gidan Thomas Bewick, wanda ya rasu a 1828. Amma waƙoƙi da yawa ba su da tsohon hoto. Abin da aka nema gare ta shi ne ta cike giɓin, ta kuma yi yadda sabo zai zauna kusa da tsoho ba tare da ido ya ga tsaga ba. Watau an ɗauko gwana aka ce ta ɓoye hannunta. Ta ɓoye shi ƙwarai, har mai karatu yakan buɗe shafi ya ɗauka duka aikin mutanen da ne. Da ta kasa, da an gane ta.

Ta fuskar harshe, amfanin wannan kamun kai babba ne. Waƙar reno abar kunne ce. Ƙarfinta yana ga amsa-amo da kari da maimaici, sau da yawa ma kalmominta ba su da wata ma'ana tsayayya. Babban hoto mai cin shafi guda yakan janye yaro daga sauraro zuwa kallo, ya kuma yanke hukunci a kan abin da waƙa ta bari a buɗe. Ƙaramin hoto irin na Hassall kuwa alama ce kawai a gefen baiti: yaron da bai iya karatu ba yana iya sa yatsa a kai, ya ce a yi masa wannan. Daga nan sai murya ta karɓa.

Duk da haka akwai inda za a yi mata ƙorafi. Tsofaffin hotunan nan na araha suna da kaushi da ban dariya, daidai da waƙoƙin, waɗanda ba su rasa duka da faɗuwa da ɓarna. Hannun Hassall ya fi su tsabta da ladabi, har wani lokaci ya lausasa abin da ya kamata ya yi zafi. Na biyu, da yake dole ta bi kamannin da, sai waƙoƙin suka fito kamar kayan tarihi, alhali kuwa ana rera su a gidaje a shekarar da aka buga littafin. Wannan laifi na tsarin littafin ne fiye da nata, amma a hotunanta yake bayyana.

Malaman da ke tattara waƙoƙin reno da na gaɗa don bugawa suna da abin lura a nan. Mai hoto yana fassara waƙa ne kamar yadda mai sharhi ke yi, yana zaɓar mata zamani da tufafi da fuska. Saboda haka ya kamata a auna aikinsa da ma'aunin da ake auna rubutu, a kuma faɗi a fili wane hoto ne na wa.