Raƙumi Da Kafar Allura

'Yan'uwana mata, mu 'yan Fagge ba sai an kwatanta mana girman raƙumi ba, tunda unguwarmu zangon ayari ce a zamanin kaka da kakanni.

To, a Littafi Mai Tsarki na maƙwabtanmu Kiristocin Sabon Gari, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932, akwai labarin wani saurayi mai dukiya. Yesu, wato Annabi Isa, ya ce masa ya sayar da abin da ya mallaka ya ba talakawa, sai ya juya ransa a ɓace. A nan aka kwatanta tsirar mai arziki da wucewar raƙumi ta kafar allura.

Wasu masu wa'azi sukan ce wai sunan wata 'yar ƙofa ce a Birnin Ƙudus, in an sauke wa raƙumi kaya ya durƙusa zai wuce. Ni kam ban yarda ba. Masana tarihi ba su sami shaidar ƙofar a wancan zamani ba. Kuma da ƙofa ce, me zai firgita almajiransa har su tambayi wa zai tsira?

Misali ne, jama'a. In aka ce ruwa ya ƙare wa ɗan kada, wa ke zuwa rafi dubawa? Mai neman ƙofa, rangwame yake nema wa masu kuɗi.

Ke mai jiran miji mai Marsandi, auna zancen nan da kyau.