Tafsirin Kaduna: 'Yancin Mai Sauraro da Nauyin da Ke Wuyan Mai Wa'azi

Tafsirin azumi tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, amma wanda Kaduna ta raina ya sha bamban da na Kano da Zariya da Sakkwato. A tsofaffin biranen nan, malam yakan zauna a zaurensa ko a masallacin fada, alaramma yana jan baƙi, shi kuma yana fassarawa, yawanci yana bin sawun Jalalaini. Ba kowa ke hawa wannan buzu ba. Sai mutum ya ratsa Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ya sha nahawu da lugga, sannan malaminsa ya yi masa izini. Masu sauraron ma sanannu ne. Malam ya san uban kowa, mai unguwa ya san wanda ya zo da wanda bai zo ba, kunya kuwa ita ce ke tsare mafi yawan mutane a kan hanya tun kafin wa'azi ya kai kunnensu.

Kaduna ba ta gaji ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Turawan mulkin mallaka ne suka yanki fili a ƙasar Gwari suka kafa ta, suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Wanda ya zaga tsakiyar Kaduna zai ga tarihin a rubuce a jikin alluna: Kano Road, Katsina Road, Jos Road, Lagos Street, Ibadan Street. Gari ne na baƙi. Ma'aikatan reluwe da sojoji da 'yan sanda da akawuna da masinjoji da 'yan tireda su suka fara cika shi, daga baya leburorin masaƙa suka biyo, bayan an buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957. Irin wannan wuri shi iyayenmu suke kira bariki, kuma da fargaba suke ambatonsa. Saurayi ya baro Daura ko Haɗeja ko Argungu, ya kama ɗaki a gidan haya, ƙarshen wata ya karɓi albashinsa a hannunsa. Babu uban da zai buga masa ƙofa da asuba, babu gwaggon da za ta kai ƙararsa. Gidan silima da gidan giya da masallaci duk tafiyar ƙafa ce daga ɗakinsa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji masu iya magana.

An sha cewa bariki ta lalata 'ya'yan mutane. Ta lalata wasu, babu musu. Sai dai ina ganin aikin da ta fi yi shi ne tone abin da ke cikin kowa. Yaron da yake salla a ƙauye don tsoron dorinar mahaifinsa, a Kaduna ne ake sanin ko sallar tasa ce ko ta mahaifin. Wannan kuwa ba baƙuwar magana ba ce a karatunmu. Littattafan fiƙihun da ake fara koya wa yaro suna buɗewa ne da bayanin mukallafi, wato baligi mai hankali, domin shi kaɗai ake ɗora wa nauyin shari'a. Yaro da mahaukaci da mai barci babu hisabi a kansu, saboda ba su da zaɓi. Arba'una Hadisi ta Imamu Nawawi da hadisin niyya ta fara. A mazhabar Malikiyya, sakin da aka tilasta wa mutum ba ya aukuwa, kuma Imamu Malik kansa ya sha bulala a Madina a zamanin Abbasiyawa saboda fatawarsa cewa rantsuwar da aka yi bisa tilas ba ta ɗaure mai ita. Ashe malamanmu sun daɗe da yanke hukunci cewa lada da zunubi ba sa hawa kan aikin da babu zaɓi a cikinsa. Matsalar ita ce tsohon tsarin zamanmu bai cika barin mutum ya gwada wannan zaɓi ba. Kaduna ta bar shi, ko ya shirya ko bai shirya ba.

A wannan gari ne Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya shimfiɗa buzunsa. Shi ne Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1967, makusancin Sardauna Ahmadu Bello, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962. Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki nan ne majalisinsa. Waɗanda ke zaune gabansa ba almajiran da aka kawo masa tun suna yara ba ne. Ma'aikatan gwamnati ne da hafsoshin soja da 'yan kasuwa da direbobi, mutanen da ƙafarsu ce ta kawo su, kuma ita za ta iya mayar da su ba tare da kowa ya tambayi dalili ba. Mai magana da irin waɗannan ba shi da sandar da zai kora su da ita, dole ya gamsar da su. Shi ya sa salonsa ya fito yadda ya fito: Hausa miƙaƙƙiya wadda mai gadi da babban sakatare za su fahimta tare, da sauko da aya cikin rayuwar ma'aikaci, kamar maganar albashi da banki da aikin hajji da karatun boko da zaɓe, da kuma amsa tambayoyin jama'a.

Rediyo ne ya ƙarasa aikin. Gidan rediyon Kaduna, wanda gwamnatin Arewa ta kafa a 1962, ana jin sa har Maraɗi da Damagaram. Da ya fara watsa tafsirin, sai majalisin ya wuce bangon masallaci. Matar aure da ke kulle, wadda a da sai abin da maigida ya ga damar kawo mata daga zaure, yanzu tana tankaɗe tana jin fassarar aya da kunnenta. Kaset ya zo ya mai da karatun abin da ake saye a kasuwa a saka a mota. Wata tambaya kuma ta shiga bakin talaka wadda a da ba ta cika fitowa ba: "Malam, ina hujja?" Ban ga abin da ya kai wannan tambaya daraja ba a duk abin da tafsirin Kaduna ya bar mana. Mutumin da ya nemi dalili kafin ya aikata, ya ɗauki nauyin aikinsa da kansa, ba zai ce gobe wane ne ya sa shi ba. Makarantun Islamiyya na matan aure da suka bazu a Unguwar Kanawa da Kawo da Tudun Wada da Rigasa, da yawansu daga wannan farkawa suka tsiro.

To amma abin bai zo kyauta ba, kuma duk mai son gaskiya ba zai tsallake wannan babi ba. A 1972 Sheikh Gumi ya fitar da littafinsa na aƙida wanda ya soki ayyukan ɗariƙun Ƙadiriyya da Tijjaniyya, a 1978 kuma Sheikh Isma'ila Idris ya kafa ƙungiyar Izala a Jos. Malaman ɗariƙa ba su yi shiru ba. Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi ya kafa nasa tafsirin a Kaduna, shi ma rediyo ya ɗauke shi, dubban mutane suna taruwa. Mai sauraro ya wayi gari da malamai biyu manya, aya ɗaya, fahimta biyu, shi ne zai auna. Wannan a kan kansa alheri ne, domin ya tilasta wa kowane ɓangare komawa ga littafi. Amma a ƙasa, a hannun almajiran da ba su kai malamansu ilimi ko haƙuri ba, sai abin ya zama gaba. An raba masallatai. Ɗa ya ƙi bin ubansa salla, wani ya ƙi cin yankan maƙwabcinsa, aure ya mutu a kan saɓanin da malaman farko suka zauna da shi shekaru aru-aru ba tare da sun yanke zumunci ba. Saurayin da ya kuɓuta daga bin mahaifinsa ido rufe, sau da yawa sai ya faɗa bin ƙungiya ido rufe, yana zaton ya sami 'yanci alhali ubangida kawai ya sauya. Ya koyi neman hujja a kan abokin hamayya, bai koyi neman ta a kan malaminsa ba, bai kuma koyi cewa girmama tsoho ma hukunci ne mai hujja ba.

Haka nan 'yancin da mai sauraro ya samu, mai magana ma ya same shi. Tunda izinin malami ya daina zama sharaɗi, duk mai lasifika da zaƙin baki ya iya tara jama'a. Kaduna ta ɗanɗana kuɗar wannan. Rikicin Maitatsine da ya fara a Kano a Disambar 1980 ya iso Rigasa a 1982. A 1984 gwamnatin soja ta jihar ta kafa dokar tsara wa'azi. Rikicin Kafanchan na Maris 1987 daga wajen wa'azi a kwalejin horon malamai ya tashi, ya bazu har Zariya da Kaduna da Funtuwa. Sai kuma abin da har yau ba a warke daga gare shi ba, rikicin shari'a na Fabrairu da Mayun 2000 da na gasar sarauniyar kyau a Nuwambar 2002, waɗanda suka sa maƙwabtan shekara da shekaru suka kwashe kaya, Musulmi suka tattaru mafi yawa a arewacin Kogin Kaduna, Kirista a kudancinsa. Ba wa'azi kaɗai ya haddasa waɗannan ba, akwai siyasa da talauci da tsohuwar gaba. Amma harshen da ke kan mumbari, na masallaci da na coci, ya zuba wa wutar fetur a lokacin da ake neman ruwa.

Saboda haka ne a 2016 Gwamna Nasir El-Rufa'i ya aika wa majalisar jiha ƙudirin sabunta dokar 1984, wanda ya tanadi lasisi ga masu wa'azi da taƙaita amfani da lasifika. Ƙungiyoyin Kirista da wasu malaman Musulunci suka yi ca a kansa, majalisa ta amince da shi a 2019, maganar kuma ta kai gaban kotu. Na fahimci tsoron da ya haifi ƙudirin, domin wanda ya ga gawa a titi ba a yi masa dogon bayani kan haɗarin harshe. Wajibin hukuma ne ta kama wanda ya tunzura jama'a zuwa kisa ko ƙone-ƙone, ta gurfanar da shi, ta hana a hana marar lafiya barci da lasifika cikin dare. Amma hukunta wanda ya yi ɓarna daban, riƙe makullin bakin kowa tun kafin ya yi magana daban. Tarihinmu ya riga ya nuna mana inda na biyun yake kaiwa. Lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya haɗu da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a Magami wajajen 1788, ya ƙi karɓar kyautar dukiya, cikin abubuwan da ya roƙa kuwa har da a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada kuma a hana wanda ya so amsa kiran. Da Nafata ya hau gadon sarauta ya taƙaita wa'azi, ya hana rawani da lulluɓi, abin da ya biyo baya kowa ya san shi. Mai mulkin da ke raba takardar izinin faɗar gaskiya, ranar da gaskiyar ta juyo kansa zai janye takardar. Kuma ko da lasisi ya rufe bakin mugun mai wa'azi, bai gyara kunnen da ke jin daɗin muguwar magana ba.

Wannan kunne shi ne abin dubawa a yau. Sheikh Gumi ya rasu a Landan a Satumbar 1992, babbar kasuwar garin tana ɗauke da sunansa, ɗansa Dakta Ahmad Gumi yana tafsiri a masallacin Sultan Bello, sauran majalisai kuma sun cika kowace unguwa. Sai dai mafi yawan matasa ba a masallaci ko a rediyo suke jin karatun ba. A waya suke jin sa, guntun minti ɗaya ko biyu da wani ya yanko ya ɗora a Facebook ko TikTok ko WhatsApp, galibi daidai inda malam ya fusata ko ya ambaci sunan wani malamin. An cire jan baƙi, an cire ayar da ta jawo maganar, an cire abin da ya faɗa kafin nan da bayan nan. Wasu masu wa'azin ma sun gane abin da ke tafiya a kasuwar, sun koma yin raddi don a yanka a yaɗa. Babu hukumar da za ta iya tsare wannan ƙofa, kuma babu uba ko mai unguwa a tsakanin saurayi da wayarsa da tsakar dare. Bai taɓa samun 'yanci irin na yau ba, don haka nauyin da ke kansa bai taɓa kai na yau ba. Tura guntun bidiyon da zai zubar da mutuncin wani aiki ne da ya zaɓa da yatsansa, kuma shi za a tambaya.

Ina roƙon kwamitocin masallatan Kaduna da kewaye, su da ke gayyato malaman tafsiri kowace shekara, su duba ilimin malami da halinsa kafin su duba yawan mabiyansa a intanet, su ware lokacin tambaya na gaske, har da tambayoyin mata, su kuma riƙa ɗora karatun cikakke yadda mai nema zai same shi. Kai kuma ɗan'uwa mai sauraro, idan aka turo maka guntun wa'azi a azumin bana, nemi cikakkensa ka saurara tun daga jan baƙi kafin ka tura wa wani.