Sharhi a kan Binciken Sarar Maciji a Ƙasar Malumfashi: Tsakanin Gadon Majinyaci da Ɗakin Gwaji

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan wani ɓangare na binciken likitanci da aka gudanar a ƙasar Malumfashi da Zariya cikin shekarun 1970, watau binciken sarar maciji. Mun zaɓi wannan ɓangare ne domin ya shafi manomi kai tsaye. Duk wanda ya san Mahuta da sauran garuruwan da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi ya san cewa ƙasar auduga ce da masara da dawa, kuma mai duƙe da fartanya a kunya shi ne ya fi kowa kusa da bakin maciji. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a cikin sakamakon wannan bincike, wanda aka gina a gefen gadon majinyaci ya fi wanda aka gina a ɗakin gwaji daɗewa, har zuwa lokacin da shi ɗakin gwajin ya koyi sauraron gadon majinyaci.

2.0 Asalin Binciken

Shirin Binciken Cututtukan Ƙasar Malumfashi haɗin gwiwa ne tsakanin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful, a Ingila, kuma Farfesa H. M. Gilles na cikin jagororinsa. An bi ƙauyuka ana ƙirga jama'a, ana binciken zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da sarar maciji, aka kuwa buga sakamakon kashi-kashi a mujallar makarantar. A daidai wannan lokaci Dokta David Warrell da abokan aikinsa suna asibitin koyarwa na Zariya suna lura da waɗanda maciji ya sara. Ke nan akwai hanyoyi biyu: ta masu ƙirge a ƙauye, da ta masu jinya a asibiti.

3.0 Abin da Masu Jinya Suka Gano

A shekarar 1976 Warrell da abokansa suka nuna cewa sarar kumurci, wanda masana ke kira Naja nigricollis, ta saɓa wa abin da littattafan likita suka saba faɗi game da danginsa. Maimakon shanyewar jiki da ɗaukewar numfashi, abin da aka fi gani shi ne kumburi da ruɓewar nama a inda ya sara. A wannan shekara kuma Warrell da Ormerod suka bayyana yadda dafin da yake tofawa a ido kan ci fatar ƙwayar ido har ya kai ga makanta. A 1980 kuma Pugh da Theakston da abokansu suka buga nasu rahoto a kan yadda mutanen ƙasar Malumfashi ke gamuwa da wannan maciji.

Amma aikin da muke ganin ya fi kowane nauyi shi ne na 1977, a kan majinyata 115 da kububuwa ta sara, wadda waɗansu ke kira gobe-da-nisa. Dafin kububuwa yana ɗauke da sinadarin da ke tayar da furotirombin, watau ɗaya daga cikin abubuwan da ke sa jini ya daskare. Idan ya tayar da shi ba kan gado, sai jiki ya ƙarar da kayan daskarewarsa gaba ɗaya, jini ya koma kamar ruwa, ya riƙa fita ta dasashi da tsofaffin miyaku, wani lokaci ya zuba a cikin ƙwaƙwalwa. Daga wannan fahimta aka fitar da gwaji mai sauƙi: a ɗebi jini kaɗan, a zuba a kwalbar gilashi sabuwa busasshiya, a bar ta minti 20, sannan a karkata ta. In jinin bai daskare ba, to dafi ya shiga jiki, sai a ba da makari. Bayan awa 6 a sake gwadawa.

Abin yabo a nan shi ne, masu binciken sun san inda za a yi amfani da iliminsu. Gwajin ba ya bukatar lantarki, ba ya bukatar na'ura, ma'aikacin shan-magani na ƙauye zai iya yinsa. Har yau yana cikin ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya.

4.0 Abin da Masu Ƙirge Suka Gano

A 1977 Theakston da abokansa na Libaful suka kawo wata dabara ta ɗakin gwaji mai suna ELISA cikin nazarin dafi. Da ita ana iya neman dafin kansa a jini, ana kuma iya neman garkuwar da jiki ya ƙera bayan sara. Tunanin mai ban sha'awa ne: maimakon a dogara da bakin mutum, sai a tambayi jininsa. Pugh da Theakston sun yi amfani da wannan dabara tare da tambayar jama'a, kuma a mujallar Lancet ta 1980 suka ba da adadin sara 497 cikin mutum 100,000 a shekara a kwarin Binuwai, suka kuma ƙiyasta mutuwar kimanin mutum 10,000 kowace shekara a yankin ciyayi na Nijeriya.

A nan ne muke da ja. Na farko, a 1986 Ho da Warrell da abokansu suka sake duba dabarar, suka nuna cewa jinin mutanen karkarar ƙasashe masu zafi kan amsa gwajin ko da maciji bai taɓa sararsu ba, kuma ba a iya fassara sakamakon sai an gwama shi da jinin isassun mutanen wannan yanki waɗanda ba a sara ba. Watau abin da aka ɗauka shaida ne marar son kai, shi ma yana bukatar mai tsarkake shi. Na biyu, ɗaukar adadin wurin da kububuwa ta yi katutu a shimfiɗa shi a kan ƙasa mai faɗi abu ne mai hatsari, domin macijin da ya dami Malumfashi ba lalle ne shi ya dami Kaltungo ba. Na uku ya shafi harshe. Sunan maciji yakan bambanta daga gari zuwa gari, kuma mai saran dare a ɗaki sau da yawa bai ga abin da ya sare shi ba. Duk ƙirgen da ya dogara da suna sai ya fara tantance sunan.

Duk da haka, adalci ne mu faɗi cewa waɗannan masu ƙirge sun tabbatar da abu ɗaya muhimmi: littafin asibiti ba ya nuna girman matsalar, saboda da yawa daga cikin waɗanda aka sara wurin mai maganin gargajiya suke tsayawa.

5.0 Inda Hanyoyin Biyu Suka Haɗu

Nazarin ƙwayoyin halitta da sinadaran dafi ya zo ya warware wata matsala da ta ci rayuka. Kububuwar Afirka ta Yamma da aka daɗe ana haɗawa da ta Indiya a ƙarƙashin suna ɗaya, Echis carinatus, jinsinta daban ne, dafinta ma daban. Saboda haka makarin da aka yi da dafin ta Indiya ba ya karya na tamu yadda ya kamata. An ga haka a wani asibitin karkara a Gana, inda rahoton 2008 ya nuna mutuwa ta tashi daga kashi 1.8 zuwa 12.1 cikin ɗari bayan an sauya makari.

A Nijeriya kuwa, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da masana na Libaful da Oksfod sun haɗa kai aka yi makari da dafin macizan ƙasar nan. A 2010 aka buga sakamakon gwada iri biyu a kan majinyata 400 a Kaltungo: EchiTAb-Plus, na Kostarika, ya mayar da daskarewar jini ga kashi 83 cikin ɗari da allurar farko, EchiTAb G na Biritaniya kuma ga kashi 76. Abin lura shi ne ma'aunin da aka yi hukunci da shi: kwalbar nan ce ta minti 20. Ilimin zamani, da dukan zurfinsa, gaban gwajin 1977 ya zo neman shaida.

6.0 Kammalawa

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarar maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, a 2019 kuma ta ƙudurci rage mutuwa da nakasa da rabi kafin 2030. Wannan buri ba zai cika a mujallun Ingila da Amurka ba, inda aka buga ayyukan da muka ambata cikin Turanci. Jinin da aka ɗiba na manoma ne, saboda haka suna da haƙƙin jin sakamakon cikin harshensu: cewa tofin kumurci ruwa mai yawa ake wanke shi da shi nan take, cewa tsaga wurin sarar kububuwa ƙara zubar jini yake yi, ɗaure ƙafa tamau kuma yana iya kashe ta, kuma jinkiri ya fi kome kisa.

Nauyin isar da wannan yana kanmu malaman kwalejojin ilimi, domin ɗalibanmu ne ke komawa makarantun Mahuta da Ƙafur da Bakori. Shawararmu ita ce sassan Hausa da na kimiyya su zauna tare su daidaita sunayen macizai da kalmomin jini da dafi, su sa su cikin darussan horon malamai.