Labarin Waya: In Ji Wa?

'Yan'uwa marubuta, akwai wani salon ba da labari da ya mamaye ƙasar Hausa, wanda har yanzu masu sharhi ba su ɗora shi a kan sikeli ba, wato saƙon murya da gajeren rubutun da ke yawo a WhatsApp da Facebook. Ga mutumin Yasore da sauran ƙauyukan Batsari da Safana, waɗanda 'yan bindigar dajin Rugu suka hana barci, wannan saƙo ba abin hira ba ne. Da shi ake yanke shawarar a kwana a gida ko a kwana a daji.

Dole a yaba wa salon. Cikin harshen mutane yake, ba ya bukatar iya karatu, kuma yakan riga rediyo isa. An ga darajarsa a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, don a toshe wa ɓarayin daji hanyar sadarwa. Sai a Disamba aka fara dawo da su. A tsawon watannin nan, wanda ya hango mahara ba shi da hanyar gargaɗin ƙauyen gaba sai ƙafarsa.

To amma a matsayinsa na labari, saƙon waya gurgu ne, domin ya yar da tambayar da Bahaushe ya saba yi, wato “in ji wa?” A da, wanda ya kawo labari kasuwar Batsari da fuskarsa yake zuwa, in ya shara ƙarya ranar kasuwa mai zuwa sai ya sunkuyar da kai. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, da Sashen Hausa na BBC tun 1957, suna da edita da za a kama da laifi. Saƙon murya kuwa ba suna, ba rana, wani lokaci ko sunan gari babu. Daga salati da “jama'a a tura” sai “an kashe mutane da yawa.” Saboda haka harin bara yakan dawo bana a matsayin sabo, mata da yara su watse a banza, ranar da gaskiya ta zo kuma a yi shakka.

Ko “gani ya kori ji” ma ya fara rauni. A 2018 binciken BBC ya gano cewa cikin hotunan da suka rura wutar rikicin Filato har da wanda aka ɗauko daga ƙasar Kwango.

Abin takaici, wasunmu masu alƙalami mun ari wannan salo, muna zuba “da ɗumi-ɗuminsa” muna lissafa gawa kamar buhunan gero. Alhali aikin marubuci shi ne ya cike giɓin da waya ta bari: wane ƙauye, wace rana, wa ya gani da idonsa, kuma yaya gonar mamacin ta kasance da damina. In bayyana sunan shaida zai jefa shi cikin haɗari, a sakaya shi, amma marubucin ya sa nasa sunan ya ɗauki nauyin maganar.

Ba za mu iya tsere da waya ba, kuma ba a nan amfaninmu yake ba. Wanda zai nemi sanin abin da ya sami Yasore nan da shekara 30 ba zai tarar da saƙon murya ba. Abin da muka tantance muka rubuta shi zai tarar. Allah Ya sa mu riƙe amana.